Albasa Mai Ruwan Ɗorawa: Tarihin Irin da Yake Ƙidayar Sa'o'in Yini

Idan ɗa ya tashi bai ɗauko halin iyayensa ba, Hausawa kan ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Wanda ya fara faɗin wannan magana ya san lambu, domin ya lura cewa shukar da aka rena da ruwa safe da yamma ta fito da wani yaji wanda ruwan ba shi da shi. To, halin wa ta ɗauko? Tarihin noma ya nuna cewa abubuwa biyu ne suke hukunta albasa: ƙasar da saiwarta ta kama, da kuma tsawon yinin garin da aka tace irinta. Na biyun nan shi ne masu lambun bayan gida suka fi rashin sani, kuma shi ne yake jawo asarar da ta fi ciwo. Mutum ya sayi 'yar takardar iri mai hoton ƙatuwar albasa mai ruwan ɗorawa, ya shafe wata huɗu yana ban-ruwa, a ƙarshe ya tashi da lawashi tsagwaronsa.

A kasuwanninmu jar albasa ce sarauniya, fara na biye da ita. Rawaya kuwa an fi ganinta a manyan kantuna da shirye-shiryen girkin ƙasashen waje. A Turai da Amurka ita ce albasar yau da kullum, har ma fiye da kashi 80 cikin 100 na albasar da Amurka take nomawa rawaya ce. Sai dai ƙarƙashin wannan ɓawo mai launi guda akwai zuri'a biyu masu halaye daban-daban. Ɗaya an tace ta ne domin ta jure ajiya a ƙasashen sanyi, ɗayar kuma domin ta nuna da wuri a inda yini yake gajere. Wanda ya san yadda suka rabu ya san wadda zai shuka a Kano ko Maraɗi, ya kuma san yadda zai yi da kowacce a cikin kasko.

Daga duwatsun Asiya zuwa fadamun Gwandu

Albasar da muke ci ba ta tsirowa da kanta a daji a ko'ina cikin duniya. Danginta na daji mafi kusa suna cikin duwatsun tsakiyar Asiya, wajen iyakar Iran da Turkmenistan, kuma daga wannan yanki ne masana suke ganin ta fito kimanin shekaru 5,000 da suka wuce. Abin da ya sa mutanen da suka riƙe ta a fili yake. Kan albasa rumbu ne da shukar take tara abinci a ciki domin ta tsallake lokacin fari, saboda haka ana iya ɗaukarsa a tafiya mai nisa ba tare da ya lalace ba.

Rubuce-rubucen girki mafiya tsufa da aka sani su ne wasu allunan yumɓu na ƙasar Babila, wato Iraƙi ta yau, waɗanda aka rubuta wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma suna ajiye a Jami'ar Yale ta Amurka. Albasa da tafarnuwa da danginsu suna cikin yawancin miyar da aka bayyana a jikinsu. A Masar an sami ƙananan albasa a cikin guraben idanun gawar Fir'auna Ramsis na Huɗu. Masanin tarihin Girka Herodotus ya ba da labarin cewa an nuna masa wani rubutu a jikin babbar dalar Giza, wanda ya lissafa kuɗin da aka kashe wajen saya wa ma'aikata albasa da tafarnuwa. Alƙur'ani mai girma ma ya ambace ta a aya ta 61 ta Suratul Baƙara, cikin abincin da Banu Isra'ila suka nema.

Sunanta a Hausa ya nuna hanyar da ta biyo. Daga kalmar Larabci *al-basal* aka sami "albasa", daga nan kuma ta gangara kudu ta zama *alubosa* a bakin Yarbawa. Ta zauna a ƙasar Hausa har ta haifi kalmomin da ba a aro su tare da ita ba, irin su gabu, wato ganyen da ake kirɓawa a busar domin miya. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Gwandu a 1853, ya yaba girma da kyawun albasar da ya gani a can. Aliero, garin da sunansa ya zama ɗaya da albasa a Najeriya, yana cikin wannan masarauta.

Albasar da aka tace domin sanyi

Da albasa ta hau arewa zuwa Turai sai ta tarar da wata duniya. A Holan, wadda take wajen digiri 52 arewa da tsakiyar duniya, yini yakan wuce sa'o'i 16 a watan Yuni, sa'an nan hunturu ya zo da ƙanƙara, gona ta mutu har tsawon watanni. Manomin wannan ƙasa yana buƙatar albasar da za ta ci moriyar dogon yinin nan ta yi ganye da yawa, ta ƙulla kai a makare, ta kuma kwana a rumbu har sabuwar shekara ta yi nisa. Shekara bayan shekara yana zaɓar wadda ta fi tauri da kaurin ɓawo da siririn wuya ya mayar da ita iri. Haka aka sami ire-iren da suke ɗauke da sunayen garuruwansu: Rijnsburger a Holan, Stuttgarter da Zittauer a Jamus. Turawan da suka ƙaura zuwa Amurka sun tafi da irin waɗannan, kuma a ƙarni na 19 garin Danvers na jihar Masacusets ya yi suna da tasa rawayar albasar.

Manoman nan suna aiki da wata ƙa'ida ne ba tare da sun san sunanta ba. Sai a 1920 wasu masana biyu na ma'aikatar noma ta Amurka, Garner da Allard, suka bayyana cewa tsirrai da yawa suna auna tsawon yini kafin su yi fure. Binciken da ya biyo baya a shekarun 1930 ya tabbatar da cewa haka albasa take yi kafin ta ƙulla kai, kuma kowane iri yana da adadin sa'o'in da yake jira. Irin dogon yini yana jiran sa'o'i 14 zuwa 16. Irin gajeren yini kuwa sa'o'i 10 zuwa 12 sun ishe shi. Kano tana wajen digiri 12, kuma yininta mafi tsawo bai cika sa'o'i 13 ba. Saboda haka irin Holan da aka shuka a Kano zai yi ta jiran ranar da ba za ta zo ba, yana ƙara ganye da kaurin wuya.

Jure ajiya ya mayar da wannan albasa hajar manyan 'yan kasuwa, domin abin da ba ya ruɓewa da wuri ana iya ɓoye shi. A kakar 1955 wasu mutum biyu, Vincent Kosuga da Sam Siegel, suka saye kusan dukkan albasar da take Shikago, kimanin fam miliyan 30. Suka ƙulla cinikin da zai ba su riba idan farashi ya faɗi, sa'an nan suka kwararo kayan kasuwa. Buhu mai nauyin fam 50 da ake sayarwa dala 2.75 a watan Agusta na 1955 ya koma santi 10 a watan Maris na 1956. Manoma da yawa suka karye. A 1958 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar da ta haramta cinikin albasa na alkawarin gaba a irin waɗannan kasuwanni, kuma dokar tana aiki har yau.

Wannan zuri'a ce dai take isowa Afirka ta Yamma ta jirgin ruwa. Senegal tana cikin manyan masu sayen albasar Holan, har ta kai tun farkon shekarun 2000 gwamnatin ƙasar takan dakatar da shigo da ita a lokacin girbin manomanta. Ana iya cin albasar Holan a Dakar ko Abijan, amma ba a iya noma ta a can.

Albasar da aka tace domin gajeren yini

Zuri'a ta biyu ta bi ta gaɓar Bahar Rum da tsibiran Tekun Atlantika, inda ake noman albasa da hunturu mai sauƙin sanyi, lokacin da yini yake gajere. A 1898 aka shuka irin da ake kira Bermuda kusa da garin Cotulla a kudancin Teksas, kuma cikin 'yan shekaru ya zama babbar sana'a. Matsalar ita ce manoman Teksas sun dogara da irin da ake kawo musu daga tsibiran Kanari, ga kuma albasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta cika buhu yadda ake so.

A 1925 aka kawo irin Grano daga yankin Balansiya na ƙasar Sifen zuwa jihar New Mexico, inda masanin noma Fabian Garcia ya yi aikin tace shi. Daga wannan tushe ne tashar binciken noma ta Teksas ta fitar da Texas Early Grano 502 a 1944, albasa rawaya mai girma, mai nuna da wuri, mai sauƙin yaji. Ita ce kakar yawancin albasa mai zaƙi da ake sayarwa a duniya yau, kuma ita ce ake gani a shagunan iri na ƙasashen Afirka da sunan Texas Grano.

A waccan shekara ta 1925 wani abu ya faru a Davis ta jihar Kalifoniya wanda ya sauya sana'ar iri baki ɗaya. Henry Jones ya ci karo da wata jar albasar Italiya wadda furenta ba ya fitar da garin namiji mai aiki, don haka ba ta iya yi wa kanta barbara. Duk irin da ta haifa dole ne ubansa ya zama wata shuka daban. A 1943 shi da abokin aikinsa Clarke suka bayyana yadda ake gadon wannan hali, sai hanya ta buɗe ta haɗa uwa da uba da aka zaɓa a samar da iri mai aure da yawan da zai ishi kasuwa. A 1952 aka fitar da Granex, wadda aka haɗa sunanta daga na iyayenta, Grano da Excel.

Granex ce ta ɗaukaka garin Vidalia na jihar Jojiya. Tun a 1931 wani manomi mai suna Mose Coleman ya lura cewa albasar gonarsa ba ta da yaji. Dalilin yana cikin ƙasa: rairayin yankin yana da ƙarancin farar wuta, ita kuwa albasa da farar wuta take haɗa sinadaran yajinta. A 1986 majalisar jihar ta yi doka cewa albasar da aka noma a gundumomi 20 da aka ƙayyade kaɗai za ta amsa sunan Vidalia.

Amma zaƙin nan yana da farashi. Albasar Grano ruwa ya yi mata yawa, ɓawonta siriri ne, kuma ba ta daɗewa a ajiye. Abin da aka ƙara mata na laushi daga ƙarfin jurewarta aka cire shi.

Wa yake riƙe da iri?

Manoman ƙasar Hausa sun yi irin aikin da manoman Holan suka yi, amma domin tasu rana da tasu kasuwar. A Galmi da ke jihar Tawa a Nijar, an tace albasar da take ƙulla kai a gajeren yini, take jure zafin bazara, take kuma kwana watanni a cikin rudu, wato rumbun kara da ciyawa mai shan iska. Wannan ce aka sani da Violet de Galmi, wadda manyan motoci suke kaiwa Accra da Abijan da Kwatano. Yajinta da taurinta su ne suke riƙe ta a wannan doguwar hanya.

A shekarun 2000 wani kamfanin iri na ƙasar Senegal ya nemi hukumar kare mallakar fasaha ta Afirka, OAPI, ta ba shi haƙƙin mallaka a kan iri mai wannan suna. Manoma da hukumomin Nijar suka yi tsaye, kamfanin ya janye sunan ya koma kiran nasa Violet de Damani. Abin da mutanen Jojiya suka kare da doka a 1986 shi ne mutanen Galmi suka kare: sunan gari da gumin kakanni.

Wannan ya shafi mai fangali biyu a bayan gida kai tsaye. Texas Grano iri ne da yake maimaita kansa, wanda ya ɗebi 'ya'yansa zai sake samun irin abin da ya shuka. Granex da sauran masu alamar F1 a jikin takarda iri ne mai aure, jikokinsa sukan fito barkatai, don haka kowace shekara sai an koma shago. Babu laifi a sayen iri mai aure, domin yakan ba da amfani mai yawa kuma bai-ɗaya. Abin da ya kamata shi ne mai saye ya san cinikin da yake ƙullawa.

Abin da tarihin yake gaya wa mai lambu

Abu na farko shi ne karanta takardar iri. Idan ba ta nuna cewa irin gajeren yini ba ne, a bar ta a kanta, komai kyan hotonta. A duba kwanan wata kuma, domin irin albasa yana saurin mutuwa, da wuya ya wuce shekara guda da ƙarfinsa a cikin zafinmu.

Lokacin shuka shi ne wanda manoman rani suka daɗe da sani. Ana yafa iri a wurin reno bayan ɗaukewar damina, wajen watan Oktoba, a yi dashe bayan mako shida zuwa bakwai, a bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin shuka da shuka. Hikimar ita ce sanyin hunturu yana ba ta damar tara ganye kafin zafi da ƙaruwar yini su sa ta ƙulla kai. Kowane ganye ɗaya zobe ɗaya ne a cikin kan albasa, don haka yawan ganye kafin ƙulli shi ne girman abin da za a tono. Wanda ya makara da dashe zai sami ƙananan kawuna ko da ya zuba taki buhu-buhu.

Saiwar albasa ba ta nitsewa da nisa, kuma ganyenta ba ya yin inuwar da za ta danne ciyawa. Tana son ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, da ruɓaɓɓen taki, da cire ciyawa da hannu. Idan wuyanta ya yi laushi ganye ya fara kwanciya, wajen wata uku zuwa huɗu bayan dashe, sai a janye ruwa. Bayan tono a shanya ta a inuwa mai iska har wuyan ya bushe ƙayau, domin ta wuya ruɓa take shiga. Rawayar Grano ita za a fara ci, ja kuma a ajiye ta domin damina, lokacin da farashi yake hawa.

Mai son ajiye iri sai ya tuna cewa albasa shukar zango biyu ce: zangon farko kai, na biyu fure. Ana ware kawuna mafiya kyau a sake dasa su da sanyi mai zuwa. Ƙudan zuma da sauran ƙwari ne suke yi mata barbara, don haka idan rawaya da ja suka yi fure kusa da juna a lokaci guda, 'ya'yansu za su gauraya.

A cikin kasko

Albasar da ba a taɓa ba ba ta da wari mai ƙarfi. Sai wuƙa ta fasa ƙwayoyin jikinta ne sinadaran da suke ware suke haɗuwa, su haifar da iskar da take sa hawaye. A 2002 wasu masu bincike a Japan suka gano takamaiman sinadarin da yake ƙera wannan iska. Kaifin wuƙa yana rage ta, domin dakusasshiya murƙushewa take yi. Wuta kuma tana kashe aikin sinadaran. Tun zamanin sahabbai an san haka, domin an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya umarci mai son cin albasa da tafarnuwa ya dafa su sosai, saboda kada warinsu ya cutar da jama'a a masallaci.

A nan ne rawayar albasa mai yaji take nuna darajarta. Sukarin da yake cikinta bai gaza na albasa mai zaƙi ba, yaji ne ya rufe shi. Idan aka yanka ta siriri aka sa a mai da ɗan gishiri a kan wuta marar ƙarfi, ruwanta zai fita, yajin ya tashi, sa'an nan sukari da sauran sinadaranta su fara yin ja, ta hanyar da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Aikin yana cin minti 40 ko fiye, kuma gaggawa tana ƙona ta ne ta yi ɗaci. Da irin wannan suya ake yin romon albasar da ya yi suna a wajen 'yan dako da masu sayayyar asuba na kasuwar Les Halles ta birnin Faris, kafin a tashe ta a 1969. Yassa ta Senegal ma tulin albasa ce da aka dafa da lemon tsami har ta narke.

Uwar gida Bahaushiya ta san wannan aiki tun kafin a ba shi suna, domin shi take yi idan tana soya man shanu da albasa, ko man da za a zuba wa ɗanwake da garau-garau. Rawaya mai tauri ta dace da irin wannan suya da kuma gindin miya da dafa-duka, inda ake so albasa ta narke ta bar zaƙi ba tare da ta rina abinci ba. Grano mai laushi, wadda ita ce lambunmu zai iya bayarwa, ta fi kyau ɗanya a kwaɗo ko a gefen tsire da balangu. In za a soya ta, sai a ƙara mata lokaci har ruwanta ya ƙone. Ja ta Galmi da Aliero kuwa tana nan a matsayinta a miyar da take son ƙamshi mai ƙarfi. Gidan da yake da fili ko da na fangali biyu ne yana iya ba kowacce ɗaya, ya ci rawaya daga Maris zuwa farkon damina, sa'an nan ya buɗe rumbun ja.